Akuya a Gaban Allo: Idan Likitan Dabbobi Ya Shigo Aji

Kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, yaro ɗan shekara takwas a Bichi ko Tasawa ya riga ya yi rabin aikin makiyayi. Ya zuba wa awaki dusa da kowar wake, ya share turke, ya canja ruwan kwatarniya, ya buɗe akurki kaji sun watsu a tsakar gida. Ƙanwarsa ta san kazar da ke kwanci, ta san ƙwai nawa ne a ƙarƙashinta, ta kuma san ranar da shirwa ta ɗauke ɗan tsako na ƙarshe. Idan tunkiya ta wayi gari ta sunkuyar da kai ta ƙi taɓa harawa, su biyun ne farkon gani, tun maigida bai dawo daga masallaci ba.

Daga nan sai yaron ya rataya jaka ya tafi aji. Malam ya ɗauki alli ya rubuta sunayen dabbobin gida: saniya, akuya, tunkiya, kaza, jaki. Yara su maimaita da ƙarfi sau uku, a kwafa a littafi, a tashi tara. Yaron da ya kwana yana jin tarin akuyarsa zai koma gida da azahar bai ƙaru da komai ba game da wannan tari.

Wannan giɓi ne babba, kuma cike shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ƙasashe da dama sun gwada shigar da ilimin kula da dabbobi cikin ajin ƙananan yara, wasu don tarbiyya, wasu don ceton rai kai tsaye, kuma abin da suka samu ya isa a tsaya a duba.

A makarantun renon yara na Ingila da Amurka, abu ne da aka saba gani a ware kusurwa guda ta aji a mayar da ita asibitin dabbobi na wasa. Ana jera karnuka da kyanwoyi na tsumma, a ajiye bandeji da ma'auni da abin sauraron bugun zuciya na roba. Wannan yaro shi ne likita, wancan shi ne mai dabba, wata kuma tana rubuta sunan majinyaci a takarda. A wasu azuzuwan ana kawo ƙwai a sa a na'urar ƙyanƙyasa, yara su riƙa ƙirga kwanaki har zuwa na 21 da ɗan tsako zai fasa ɓawo. Ƙungiyoyin kare dabbobi irin su RSPCA, wadda aka kafa a Landan tun 1824, suna shirya wa malamai darussa, kuma dokar Ingila ta 2006 ta jera bukatu biyar da duk mai dabba ya wajaba ya biya mata: wurin zama da ya dace, abinci da ruwa, damar yin ɗabi'arta ta halitta, zama da 'yan uwanta ko kaɗaici gwargwadon irinta, da kariya daga ciwo da wahala. Da yawa daga cikin yaran can ba su taɓa shafa akuya mai rai ba, don haka aikin malaminsu shi ne gabatar musu da dabba. Ɗan Bahaushe ya wuce wannan mataki tun yana rarrafe. Abin da ya rage masa shi ne 'yan bayanai ƙalilan da babu mai faɗa masa su, a gida ko a makaranta, kuma wasu daga cikinsu tsakanin rai da mutuwa suke.

Darasin minti 15

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka.

Dalilin yawan yara a wannan lissafi ba ɓoyayye ba ne. Su ne ke wasa da 'yan kwikwiyo, su ne ke jifan kare a lungu, su ne ke sheƙawa da gudu idan ya yi haushi, gudun kuma shi ke sa ya bi su. Saboda gajartarsu, cizon yakan same su a fuska ko wuya ko hannu, inda ƙwayar cutar ke da gajeriyar tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi ciwo shi ne ɓoyewa. Yaron da aka hana zuwa wani wuri ya je, kare ya yage shi a ƙwauri, sai ya ja wando ya rufe don tsoron bulala. Raunin ya warke cikin mako guda, kowa ya manta. Bayan wata biyu ko uku, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara, sai zazzaɓi ya zo, sai firgita, sai yaro ya ga ruwa a kofi maƙogwaronsa ya shaƙe. Idan aka kai nan, kusan babu wanda ke tashi. A gidaje da yawa ma ba a danganta abin da kare ko kaɗan, sai a ce iska ce ko sammu.

Amma cutar tana da rigakafi tun ƙarni na 19, kuma yaro ne mutum na farko da aka tabbatar ya tsira ta hanyarsa. Ranar 6 ga Yuli, 1885, wata uwa daga yankin Alsas ta kai ɗanta mai shekara 9, Joseph Meister, wurin masanin kimiyya Louis Pasteur a birnin Paris, bayan mahaukacin kare ya cije shi a wurare 14. An yi masa allurai 13 cikin kwana goma da 'yan kai. Yaron ya rayu, ya girma, har ya zama mai gadi a cibiyar binciken da ke ɗauke da sunan Pasteur. Ranar 28 ga Satumba, wadda Pasteur ya rasu a cikinta a 1895, ita ce aka mayar Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya tun daga 2007.

Abin da ake so yaro ya riƙe bai kai cikin tafin hannu ba. Kada ya taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana tare da 'ya'yanta. Idan baƙon kare ya nufo shi, ya tsaya cak kamar bishiya, hannu a jiki, kada ya zura masa ido, kada ya yi ihu. Idan ya faɗi, ya dunƙule ya rufe fuska da wuya. Idan kuwa cizo ko yagi ya auku, ko da bai yi jini sosai ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a faɗa wa babba nan take, a tafi asibiti a ranar. Minti 15 ba ƙaramin lokaci ba ne ga mai wanke rauni. Malamin da ya sa ɗalibai suka gwada a bakin famfo yana riƙe da agogo zai ga yadda kowa ke cewa ya gama tun a minti na biyu. Barkono, toka, gishiri ko ƙonannen gashin karen da ake shafawa a wasu wurare ba sa kashe ƙwayar cutar, sai dai su cinye lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a hanyar asibiti.

Ƙasar Filifin ta ɗauki wannan darasi da muhimmanci har ta sa shi a doka. Dokar yaƙi da ciwon haukan kare ta 2007 ta ɗora wa ma'aikatar ilimi nauyin koyar da shi a makarantu. A tsibirin Bohol, inda aka fara wani babban shiri a wannan shekarar, ba a ƙirƙiro sabon fanni an ɗora wa yara ba. An cusa maganar ne cikin darussan da ake yi da ma: a lissafi a ƙirga karnuka da allurai, a kimiyya a yi bayanin yadda cutar ke tafiya, a darasin harshe a karanta labari a kanta. An haɗa wannan da yi wa karnuka rajista da allura gida-gida, kuma cikin shekaru kaɗan tsibirin ya kai matakin da ba a samu rahoton mutuwar mutum ko ɗaya daga cutar ba.

Ƙungiyar Mission Rabies, wadda wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Luke Gamble, ya kafa a 2013, ta bi irin wannan hanya a jihar Goa ta Indiya da kudancin Malawi: tawaga ɗaya na yi wa karnuka allura, wata na zagaya makarantun firamare. Wani bincike da aka yi a birnin Zomba na Malawi, aka buga a 2018, ya nuna cewa darasi guda ya ƙara wa ɗalibai sani a kan cutar, kuma da aka koma bayan makonni an tarar sanin bai gushe ba. A 2021 aka ayyana Goa a matsayin jihar farko a Indiya da ta shawo kan cutar.

Akwai kuma wani dalili na farawa da yara wanda duk ma'aikacin allura ya sani. Masana sun yi ittifaƙi cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka dore a kai, cutar na yankewa. A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Serengeti a Tanzaniya, inda aka shafe shekaru ana wannan aiki, galibin masu jawo karnuka zuwa wurin allura yara maza ne, domin su karen ya sani, su yake bi. A Njamena, babban birnin Cadi, an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka haura kashi 70 ɗin a duka biyun, cutar kuma ta yi ƙasa ƙwarai a birnin. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina mutuwa daga cizon mahaukacin kare. Wannan buri ba zai cika ba matuƙar yaron da ke riƙe da igiyar kare bai san amfanin allurar ba.

Kare a ƙasar Hausa yana da matsayi mai sarƙaƙiya. Mafarauta na ji da shi, makiyayi ba ya rabuwa da shi, mai gona da mai gida na ajiye shi don gadi, amma a cikin gari yawanci abin kora ne da jifa. Malamin da zai yi wannan darasi ba ya bukatar ya ce wa kowa ya rungumi kare. Addini ya riga ya share masa hanya, domin ɗalibin Islamiyya ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ji na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ta hana ta abinci, ya kuma ji cewa annabawa sun yi kiwon tumaki. Yaron da ya daina jifan kare ya samu ladan tausayi, ya kuma rage wa kansa haɗarin cizo.

Abin da ke bakin akuya

A ƙaddara shugaban makaranta ya gayyato malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya aro lafiyayyar akuya daga maƙwabta ya ɗaure ta a gindin darbejiya a filin makaranta. Yara sun yi da'ira. Abu na farko da gogaggen likita zai yi shi ne ya hana kowa matsowa, ya ce a tsaya daga nesa a kalle ta tukuna. Tana tuƙa? Kunnuwanta a tsaye suke ko sun langaɓe? Gashinta a kwance yake yana sheƙi ko ya tashi? Akwai majina a hanci, akwai alamar zawo a ƙarƙashin wutsiya? Rabin aikin likitan dabbobi da ido ake yin sa, domin majinyacinsa ba ya magana, kuma a wannan fanni yaran karkara sukan ba baƙo mamaki.

Sai ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya janyo fatar idonta ta ƙasa. Idan cikin ya yi ja-ja, jini ya wadata. Idan ya yi fari fat kamar takarda, akwai yiwuwar tsutsar ciki na shanye mata jini, abin da ke yawaita da damina. Ya tsunkuli fatar wuyanta ya saki: ta koma nan da nan, to ruwan jiki ya isa, ta tsaya a tattare, to akuya ta bushe, kamar yadda gudawa ke busar da jariri. Ya laluba bayan kunne da hammata da tsakanin kofato ya nuna inda kaska ke maƙalewa. Ya fito da ma'aunin zafi, yara su karanta lambar da kansu, su ji cewa zafin jikin lafiyayyar akuya kusan 39 ne a ma'aunin Salshiyas, na mutum 37, na kaza kuwa ya kai 41. Wato abin da yake zazzaɓi ga ɗan Adam lafiya ce ga akuya.

Inda aji ke ɓarkewa da dariya shi ne wajen haƙora. Likita ya buɗe bakin akuya ya tambaya haƙora nawa ne a gaba ta sama. Babu ko ɗaya, dasashi ne kawai mai tauri. A ƙasa akwai takwas, kuma su ma famfara suke yi kamar 'yan aji ɗaya da ke tsaye a wurin da wawulo a baki. Biyun tsakiya kan faɗi su fito manya idan dabba ta haura shekara guda, sannan bibbiyu su biyo baya har bakin ya cika wajen shekara huɗu. Wannan ne abin da dillali ke dubawa a kara idan ya ɓare bakin rago gab da babbar Salla. Yaro ya sha ganin ana yi, yau ya san dalili.

Daga baki sai ciki. Kowane yaro ya ga tumbi ranar layya, ya ga ana wanke shi, wataƙila ma shi aka aika ya zubar da abin da ke ciki. Abin da bai sani ba shi ne cikin akuya da tunkiya da saniya ɗaki huɗu ne, kuma tuƙa dawo da abinci ne daga ɗakin farko don a sake niƙa shi. Bai kuma san cewa ledar da ya jefar bayan ya sha ruwa ko ya ci awara ba ta narkewa a wannan ɗaki. Mahauta a kowace mayanka ta birni sun san ƙullin leda da igiya da tsumma da suke cirowa daga tumbin dabbobin da ke kiwo a bola. Dabbar da ke ɗauke da irin wannan ƙulli takan yi ta ramewa ciki na kumbura, mai ita na ta sayen magani a banza. Likitan da ya zo da irin wannan ƙulli busasshe a cikin kwali ya ɗora a tebur ya gama wa'azin tsabtar muhalli na shekara guda, don gani ya kori ji.

Malamin lissafi ma yana da rabo. Akuya da tunkiya na ɗaukar ciki wata biyar, saniya wata tara da 'yan kwanaki. Kaza na ƙyanƙyashe ƙwanta a kwana 21, ƙwan zabo kuwa sai ya kai wajen 28, shi ya sa uwar gida da ke sa wa kaza ƙwan zabi take lissafi daban. Idan an yi wa tunkiya barbara a farkon Muharram, a wane wata za ta haihu? Yaron da ke gudun lissafin lemo da mangwaro na littafi zai ba da wannan amsa kafin malam ya rufe baki. A nan ne kuma wurin faɗa masa cewa dakashi, nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin ɗan akuya na farko, kuma ya kamata ya sha shi a sa'o'in farko bayan haihuwa.

Babu bukatar kayan wasa na kanti. Yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna gina shanu da dawaki da laka, suna ƙera su da karan dawa. Garken laka, tsinke a matsayin allura, tsohon ƙyalle a matsayin bandeji, sun isa a buɗe asibitin wasa a ajin share fage.

Waye wannan likita?

Tambayi 'yan firamare abin da suke so su zama: likita, soja, matuƙin jirgi, injiniya. Da wuya a ji mai cewa likitan dabbobi, a yankin da dukiyar miliyoyin gidaje ke tafiya da ƙafa huɗu. Da yawa ba su san aiki ne da ake shafe shekara shida a jami'a ana karanta shi ba, a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ko a makarantar Dakar da ke horar da ɗaliban Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ba su san cewa mata na yin sa ba, alhali awaki da kajin cikin gida galibi na mata ne, kuma likita mace ce ke iya shiga har tsakar gida ta duba su ba tare da an yi sallama da maigida ba.

Sana'ar tana da tarihin da ya cancanci a ba yara. An buɗe makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya a birnin Liyon na Faransa a farkon shekarun 1760, a zamanin da annobar shanu ke ɗaiɗaita Turai. Wannan annoba ita ce bushiya, wadda ta ratsa Afirka a ƙarshen ƙarni na 19 ta kashe mafi yawan shanun wurare da dama, ta mayar da masu garke matalauta cikin 'yan makonni. Yaƙi da ita na cikin dalilan kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924, cibiyar da har yau take sarrafa alluran rigakafi na shanu da awaki da kaji da karnuka. A 1962 aka fara gangamin allura na haɗin gwiwa a ƙasashen tafkin Cadi, wato Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi. Cutar ta sake dawowa da ƙarfi a farkon shekarun 1980, kuma dattawan makiyaya na tuna ɓarnar da ta yi. A 2011 aka sanar da cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita bayan agana. Malaman dabbobi da suka bi ruga-ruga a ƙafa da keke da akwatin ƙanƙara suna da kaso a wannan nasara, kuma jikokin makiyayan da suka tsayar da shanu aka yi musu allura suna zaune a aji yau ba wanda ya ba su labari. Yanzu an sa annobar awaki da tumaki da ake kira PPR a gaba, da burin kawar da ita ita ma zuwa 2030.

Jaki ma na da masu tsaya masa. Ƙungiyar SPANA, wadda Kate Hosali da 'yarta Nina suka kafa a 1923 bayan sun ga halin da dabbobin dako ke ciki a Arewacin Afirka, tana haɗa jinyar jakuna da dawaki kyauta da koyar da 'yan makaranta a ƙasashe irin su Maroko da Mali da Habasha. Hujjarta mai sauƙi ce: yaro ne ke kora jaki zuwa rijiya da kasuwa, shi ne ke riƙe da sanda, don haka shi ya kamata ya san cewa miki a gadon baya daga mugun akumari da lodi fiye da kima yake zuwa.

Sauran abin da ya shafi lafiyar gida gajere ne amma mai nauyi. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin mutum daga dabbobi suke tasowa. Madarar da ba a tafasa ba na iya ɗauke da bakkale da tarin fuka. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da baki da dubura ba ya daskarewa, ba a yi mata gaggawar wuƙa don kada a yi asara, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. Ana kiran malamin dabbobi ne, domin alamar ciwon saifa ke nan, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja a Yulin 2023. Kajin da suka mutu rututu ba abin wasa ba ne, darasin da aka koya da tsada tun Fabrairun 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara bayyana a Afirka a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna. Ita kuwa annobar da ke share kajin gida da hunturu tana da rigakafi mai arha da ake ɗigawa a ido, ɗigo guda ga kowace kaza.

Akwai iyaka da ya kamata a kiyaye. Manufar darasin ba ta haɗa da mayar da yaro mai yin allura ba. Kasuwannin ƙauye sun riga sun cika da masu sayar da maganin dabbobi a rana, da masu fasa kafso mai ja da rawaya su zuba wa kaji a ruwa ba awo ba lissafi, abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani a jikin dabba da na mutum. Aikin yaro shi ne ya lura, ya ware mara lafiya daga sauran, ya faɗa wa babba, ya san ofishin da ake zuwa. Duk dabbar da za a kawo makaranta sai lafiyayya mai sanyin hali, kuma duk hannun da ya taɓa ta sai ya ga sabulu kafin ya taɓa abinci. Sannan kada a shigo da tunanin da zai sa yaro ya ga iyayensa a matsayin azzalumai don sun yanka ragon da ya yi wata shida yana ba shi dusa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Abin da ake koya masa shi ne haƙƙin dabba tun daga turke har zuwa wuƙa: ƙoshi, inuwa, ruwa mai tsabta, wuƙa mai kaifi, da rashin wahalarwa.

Matsaloli na nan, ba a musu. Ajin da ke da yara fiye da ɗari, malamin da ke bin bashin albashi, ƙaramar hukumar da malamin dabbobinta ɗaya ne tilo ba shi da ko babur. Ga kuma ɗimbin yaran da ba sa zuwa boko sam, waɗanda su ne ma suka fi kusa da dabbobi. Amma hanyoyin isa gare su ba sababbi ba ne. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989 take da hedikwata a Kaduna, tana da makarantu a rugage. Islamiyyu da tsangayu suna tara yara safe da yamma, kuma alaramma da ya fahimci maganar minti 15 zai isar da ita inda takardar gwamnati ba ta zuwa. Rediyo na nan. Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, kuma zama guda tsakaninta da masu tsara manhajar firamare zai iya sa waɗannan bayanai cikin darasin kimiyya da aikin gona da ake yi da ma, cikin harshen da yaro ke kiran akuyarsa da shi.

Kafin a kai ga manhaja, shugaban makaranta na iya aika takarda zuwa ofishin dabbobi mafi kusa, ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki kuɗin man babur. Ɗaliban shekarar ƙarshe a tsangayoyin likitan dabbobi na iya ɗaukar makaranta ɗaya kowannensu. Ranar Likitocin Dabbobi ta Duniya na faɗowa a Asabar ta ƙarshe ta watan Afrilu, 28 ga Satumba kuwa na zuwa ne makonni kaɗan bayan an koma sabon zango. Iyaye kuma kada su jira makaranta: a daren yau a tara yara a yi musu alkawari cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yaga ya zo ya faɗa, ba za a dake shi ba, za a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar.